Sabulun da Ba Hannunki Ya Dafa Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin wadda ɗiya ke yi wa uwa, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci. Idan kin tambayi lafiyata, lafiya lau nake. Na dai san ba za ki tambaya da bakinki ba, sai dai ki sa wani ya tambayar miki.

Dalilin rubuto miki shi ne wani saƙo da na aiko miki ta bakin Kawu Lawali, shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu. Ina so in janye shi. Na san wasu za su karanta takardar nan, su yi haƙuri in na tsaya bayanin abin da ke kin riga kin sani.

Ni ce 'yar farinki, don haka ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Waccan kike ce mini. Waccan ta ci abinci? A ce wa waccan ta ɗebo ruwa. Ko tabarma ɗaya muke zaune, sai ki juya wajen Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba da ta dawo gidanmu bayan rasuwar mijinta, ki ba ta saƙon da za ta miƙo mini, alhali tsakanina da ke bai kai kamu biyu ba. Ban taɓa jin haushi ba. Duk 'ya'yan farin garinmu Badarawa haka muka tashi.

Wurin dafa sabulu ne kaɗai kunyar ke sassautawa, shi ma don aikin yana son hannu huɗu ne. Ni ke cika tukunya mai huji da tokar karan gero, in zuba ruwa, in zauna ina kallonsa yana ɗiga cikin kwatarniya, ja-ja kamar shayin da ba madara. Ke ke tafasa ruwan tokar, ki zuba man gyaɗa, ki yi ta tuƙi da muciya har ya haɗe. Sai ki lakato kaɗan da ɗan yatsa, ki hura, ki taɓa da kan harshenki. Ba ni kike kallo ba, tukunyar kike kallo, kina cewa: "In ya cije ka, toka ta yi yawa. In ya yi shiru, ya yi." Naki kullum shiru yake yi. Masu jego har daga Shinkafi suke aikowa a saya musu don wankan jarirai.

Da aka ba mu jiha, rediyo ya dame mu da cewa sababbin asibitoci za su buƙaci 'yan ƙasa masu gwajin jini. Baba bai sa abin a ka ba. Ke kika ce wa Gwaggo ta ce masa: "Waccan ta iya zama wuri guda ta kalli abu shina ɗiga. A kai ta." Da wannan shaidar na shiga babbar makaranta a Ƙaura, Inna. Ba na jin akwai wadda ta taɓa shiga da irinta.

Kemistiri na shekarar farko ya kayar da ni warwas. Ba wai ban yi karatu ba. Lissafin mol ne ya ƙi shiga kaina, in na kama kai sai wutsiya ta suɓuce. Ƙa'idar makarantar kuwa, wanda ya faɗi darasin nan sau biyu sai ya tattara nasa ya nasa ya koma gida. Da na zo hutu na faɗa wa Gwaggo a tsakar gida, kina bayan zana kina tankaɗe. Ba ki fito ba. Daga can kika ce: "Ni ma tukunyata ta hwarko zubda ta na yi." Iyakar abin da kika ce ke nan, na koma da shi.

Kawu Lawali, ƙanenki, yana da a-kori-kura. Duk Juma'a da safe, washegarin kasuwar Shinkafi, yakan biyo da kaya zuwa Ƙaura ya tsaya a ƙofar makaranta mu gaisa. Juma'a ɗaya bayan ɗaya kuma yakan miƙo mini dunƙulen sabulu a naɗe cikin takardar siminti, ya ce kin ce a ba waccan. Ba gaisuwa, ba nasiha. Ba ki iya boko ba, ni kuma ban taɓa jiran wata takarda daga gare ki ba. In sabulu ya zo, na san kina lafiya, kin tuna da ni.

Shekarar nan kowa maganar Shari'a yake. 'Yan kabu-kabu sun daina ɗaukar mata, sai mu jira motar mata ko mu taka da ƙafa cikin zafin bazara. A aji maza na dama, muna hagu. Malamin kemistiri kullum sai ya ja mana kunne mu cusa hijabi cikin farar rigar lab, ɗakin gwaje-gwaje, kada wuta ta lasa. Ni duk wannan sama-sama nake jinsa. Daga sallar asuba ni da Rabi 'yar Zurmi, abokiyar ɗakina, muna gindin dogon yaro da tsofaffin takardun tambayoyi, tana tambaya ina amsawa, in na kuskure ta ɗana mini biro a ka.

Saura kwana goma sha ɗaya a fara jarrabawa aka manna sanarwa cewa an ɗage ta da mako biyu. Ko dalilin ban tuna ba. Na dai tuna mun yi ta tsalle a ɗaki ni da Rabi kamar an yi mana kyautar Makka.

Washegari Juma'a Kawu ya zo da sabulu. Da murnata na ba shi labarin ɗagewar. Ya kalle ni, ya kalli titi, ya ce in sake faɗa masa kwana nawa ya rage yanzu. Na ce ashirin da huɗu. Ya maimaita a hankali, ya shiga mota bai ko tsokane ni da 'yar boko ba kamar yadda ya saba. A ranar kwananki huɗu a ƙasa. Zazzaɓin kwana uku, aka ce. Kafin ki cika kin bar wasiyya kada a faɗa mini sai na ajiye alƙalami. Ke kin ƙirga kwanakin da kika sani. Ba ki san za a ƙara ba, su kuma da suka ɗaukar miki alkawari ba su ga hanyar warware shi ba.

Don kada in ga Juma'ar sabulu ta wuce ba sabulu, Gwaggo ta hau tukunyarki. Ita da ko tuƙi ba ki taɓa bari ta yi ba.

Ranar nan, ganin sabo ya zo, na ɗauki ɗan guntun da ya rage na wancan zuwan na wanke farar rigata da shi har ya ƙare tas. Shi ne na ƙarshe da hannunki ya dafa. Kumfarsa ta bi kwata, na shanya riga na tafi cin abinci.

Sabon kuwa, wanka ɗaya na yi da shi jikina ya ɗauki raɗaɗi. Kwana uku tafin hannuna ya fara saɓa. Shekara ashirin ina wanka da sabulunki, bai taɓa cizona ba ko sau ɗaya. Ai ko jaki ne ya ci a ce ya tsaya ya yi tunani. Akwai ma wani mai albasa ɗan garinmu a kasuwar Ƙaura da ya tsare ni da gaisuwa a makon, ya yi ta maimaita "sannu, sannu dai," har ya ƙara mini albasa biyu. Na ce a raina yau kuma mutumin nan da fara'a ya tashi.

Ban yi tunani ba, Inna. Bayani na yi. A makon muke bitar babin yin sabulu, ga shi nan a takarda, mai kaza, soda kaza, in soda ta yi rara ta ci fata. Na ji kaina ya yi girma. Karon farko ke nan da abin da ke cikin littafi ya faɗo hannuna na gane shi. Har na yi wa Rabi lacca a kai. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, an faɗa, ni ce dai ban ji ba.

Da Kawu ya biyo Juma'a ta gaba, na nuna masa hannuna, na ba shi saƙon. Zan rubuta shi yadda na faɗa, don ban manta ko kalma ɗaya ba: "Ka ce wa Inna toka ta yi yawa. Ka ce mata mu nan awo muke yi, ba lasa da harshe ba. In na zo hutu zan nuna mata yadda ake yi." Ya ce to. Ya daɗe yana goge gilashin motar da ba abin da ya same shi.

Ya kai saƙon. Gwaggo ya kai wa, don ba wadda zai kai wa sai ita. Ta sake ɗora tukunya, ta yi ta lasa tana ƙara mai, tana lasa tana ƙara toka, har harshenta ya sale.

Juma'a ta uku ya kawo na biyun. Nan ƙofar makaranta, gaban mai rake da masu jiran mota, na kwance takardar, na taɓa sabulun da harshe, ni da na ce mu ba ma lasa. Na yamutsa fuska na ce har yanzu da saura, wai ko Inna tsufa ya fara kama ta ne. Kawu ya zame ya zauna a ƙasa jikin tayar mota, ya cire hula. Ya ce: "Ɗiyata, ban iya kai wanga saƙo. Wadda kike aike wa yau kwananta goma sha takwas da rasuwa. Mu munka ɓoye miki, ita ta ce."

Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, don abin da ake cewa ke nan. Daga nan na ce ya jira ni in ɗauko takarduna. Na koma ɗaki, na zaɓi na babin asid da na lissafin mol, na mayar wa Rabi rularta da na ara, na kulle akwati. Rabi ce ta yi kukan. Ni ina tsaye ina tunanin ko na ɗauki jan biro.

Kwana uku na yi a gida. Na zauna cikin mata, ana ya haƙuri, ina sai godiya. Idona ƙamas. Ba daurewa nake yi ba, wallahi, nema nake in ji wani abu na rasa. Kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, haka dukan jikina ya koma. In an yi shiru sai in ji kaina yana jero sunayen sinadarai bi da bi, na farko har na ashirin, ya sake komawa farko. Na ji wata tsohuwa tana ce wa ta kusa da ita boko ya busar da zuciyar ɗiyar nan. Ban ji zafin maganar ba, na ma ɗauka gaskiyarta ce.

Gwaggo ba ta iya cin tuwo da yaji, kunu take sha da gefen baki. Ta kama hannuna da ya saɓa, ta juya shi, ta ce in yafe mata, ita iyakar iyawarta ke nan. Na ce ba komai. Tukunyarki mai huji tana nan kan duwatsunta, da sauran toka a ciki.

Rana ta uku Baba ya kira ni zaure. Na ce masa na fasa, a bar karatun haka, ko na koma ba abin da zan iya. Bai yi faɗa ba, kin san shi. Ya ce: "Ta ce sai kin aje alƙalami. Kin aje?" Na ce a'a. Ya ce to Lawali na waje.

Mako ɗaya ya rage. Abin da zan faɗa yanzu ban taɓa faɗa wa kowa ba, don kunya yake ba ni: a makon nan karatu ya shige ni fiye da duk shekara biyun da na yi. Da, in na zauna lissafi, tsoro ke cika mini kai. Tsoron kora, tsoron ranar da zan shigo gida da akwati ki leƙo ta bayan zana. Yanzu ba tsoro, ba komai. Kai ya zama fanko, abin da aka zuba ya zauna. Lissafin mol da ya wahalar da ni shekara guda ya kwanta lumui. Rabi na tura mini kwano in ci, ta janye in daina. In ta ce mu tafi gindin dogon yaro in bi ta, in ta ce mu tashi in tashi. Da sabulun kanti nake wanka, na Gwaggo yana ƙasan akwati.

Na rubuta jarrabawar takarda ranar Litinin. Ban tuna tambaya ko ɗaya ba.

Ranar Laraba aka yi ta lab. Aikin da za mu yi, ke ma da kin gan shi da kin gane. A ba ka ruwan soda, ka auna ka zuba a kwalba, ka sa ɗigon maganin da ke mayar da shi ja-ja. Sai ka riƙa sako asid daga dogon bututu, ɗigo-ɗigo, kana kaɗawa, har jan ya ɓace. Wurin da ya ɓace ake nema, inda wannan bai fi wancan ba. A lokacin da baki muke zuƙo ruwan sodar cikin siririn bututun awo, ka zuƙa a hankali har ya kai zane, ka toshe da yatsa. An sha gargaɗinmu kada ido ya bar zanen.

Idona ya bar zanen. Ban san inda na tafi ba, sai ji na yi ruwan ya cika mini baki.

Ya cije ni, Inna. Ɗaci, santsi, da wannan cizon a kan harshe. Ruwan tokarki ne sak, irin wanda na taɓa lasa a ɓoye ina 'yar shekara bakwai don in ga me kike ji, kika gan ni, kika ce wa Gwaggo a ba waccan tsamiya ta tsotsa. Ina tsaye da farar riga cikin mutum arba'in, sai ga zana, ga muciya, ga bayan wuyanki yana zufa. A nan na san kin mutu. Kawu ya faɗa mini tun kwana goma sha biyu, amma a nan na sani.

Mai kula da lab ya ja ni wurin famfo, ya yi ta cewa in kurkure, in zubar, in sake. Hawaye na zuba, yana ta ba ni haƙuri wai ruwan ba shi da ƙarfi, zafin zai wuce. Na bar shi a haka. Malam ya ce in ba zan iya ba in fita a rubuta mini uzuri. Na girgiza kai, don harshen ba ya magana. Saura minti arba'in. Na koma na sake awo, na zauna ina kallon abu yana ɗiga, aikin da kika ce na iya. Sau uku na yi, sau uku jan ya ɓace a wuri ɗaya. Na yi lissafi, na ja layi biyu a ƙarƙashin amsa.

Na ajiye alƙalami a kan benci. Na fito, rana tsaka, masu sayar da ƙanƙara na ta kira. Na tsaya a baranda ina duban wanda zan ba saƙo ya kai miki cewa na ajiye. Kukan ma ya riga ya tsaya, daga ranar kuma bai dawo da yawa ba.

Na ci, Inna. Ba da wani maki na a zo a gani ba, amma ba a kore ni ba. Na gama, na yi aiki a ɗakin gwajin jini kamar yadda rediyo ya ce, har yau ina yi. Mako guda ni da Gwaggo muka yi muna shan kunu da gefen baki da na koma hutu, har abin ya ba mu dariya.

A hutun ne ta faɗa mini abin da ta riƙe. Ta ce ranar da kika bar wasiyyar, ba waccan kika ce ba. Sunana kika kama, gaban Baba, gaban Kawu, gaban kowa: "Kada a hwaɗa ma Shafa'atu sai ta aje alƙalami." Sau ɗaya a duniya, kuma kowa ya ji ban da ni. Na sa Gwaggo ta maimaita mini yadda kika faɗe shi, ta gwada, amma murya ba ta aruwa.

Na sha gwada dafa sabulu bayan nan. Da sikeli, da takarda, da lissafin da ba kuskure a cikinsa. Yana yin kumfa, yana fid da datti, ba ya cin fata. Amma in na taɓa da harshe, ko yaya sai na ji ɗan motsi. Bai taɓa yin shiru irin naki ba.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalamin da na ajiye. Saƙon nan da na ba Kawu, na san bai iso gare ki ba, amma ni na faɗe shi, kuma da ke nake. Na janye shi. Ba ni da abin da zan nuna miki. Tokarki ba ta taɓa yin yawa ba, Inna, ko sau ɗaya. Da na yarda da hakan tun ranar da sabulun ya cije ni, da a ranar na hau mota na taho gida, da na sami sadakar bakwai ɗinki. Ki yafe mini.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yi miki rahama, Ya sanyaya makwancinki. Yadda kika wanke jariran mutane da abin da bai taɓa cutar da su ba, Allah Ya wanke ki tas. Allah Ya saka wa Gwaggo da Kawu, sun ɗauki abin da ya fi ƙarfinsu saboda ke. In tamu ta zo Ya sa mu cika da imani, Ya haɗa mu a inda za ki kira ni in ji da kunnena. Amin.

Wassalam.

Taki har kullum,
Waccan,
Shafa'atu